Ƙuri'ar da Ake Kaɗawa da Totur

A watan Disamban 2018 majalisar birnin Los Anjalis, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta amince a ƙara yawan gudun da doka ta yarda direba ya yi a kan titunan da tsawonsu ya haura mil 100. Shekara uku kafin nan, a 2015, wannan birni ne ya yi shelar cewa kafin ƙarshen 2025 babu sauran wanda zai mutu a kan titunansa sakamakon haɗarin mota. 'Yan majalisar ba su manta da alkawarin ba, wasunsu ma sun fito fili sun ce ba da son ransu suka ɗaga hannu ba. Wata tsohuwar dokar jiha ce ta ɗaure su.

Abin da dokar ta tanada shi ne, a manyan titunan cikin gari ɗan sanda ba zai kama direba da na'urar auna gudu ba, in ma ya kama shi alƙali ba zai karɓi shaidar na'urar ba, sai fa idan injiniyoyi sun yi awon titin a 'yan shekarun nan, kuma lambar da ke jikin allo ta dace da abin da awon ya nuna. A wancan lokacin awon yana da wa'adi: shekara biyar, ko bakwai, ko goma idan titin bai canza ba. A Los Anjalis wa'adin tituna masu yawa ya ƙare, domin an rage ma'aikatan sashen a shekarun matsin tattalin arziki. Da aka koma aka auna, sai aka tarar direbobi sun ƙara wuta. Majalisa ta sami kanta gaba kura baya sayaki: ko ta bar ƙaramar lamba wadda babu mai ikon hukunta wanda ya karya ta, ko ta ɗaga lambar domin 'yan sanda su sami damar kama waɗanda suka zarce sabuwar. Ta zaɓi na biyu.

Mai wucewa yakan ɗauka cewa lambar nan da ke jikin allo wasu masana ne suka zauna suka lissafo ta, suka duba faɗin titi da yawan yaran unguwa da kusancin kasuwa, sannan suka yanke. Shekaru da dama a Amurka ba haka ake yi ba. Injiniya zai zaɓi ranar da gari ya yi wasai, a lokacin da babu cunkoso, ya raɓe inda direbobi ba za su tsargu ba, ya auna gudun motoci, a ce guda ɗari. Sai ya jera lambobin tun daga mai tafiyar hawainiya har zuwa mai gudun fitar rai, ya ƙirgo daga ƙasa har ya kai mota ta 85. Gudun wannan motar, bayan an matsar da shi zuwa lamba mafi kusa mai ƙarewa da biyar ko sifiri, shi ne za a buga a allo. Idan mota ta 85 tana mil 43 a awa, allo zai ce 45. A Kalifoniya a wancan lokacin an yarda injiniyan ya rage mil biyar in ya kawo hujja a rubuce, amma ba ya wuce nan. Wannan ita ce ake kira ƙa'idar kashi 85 cikin 100, kuma ma'anarta a taƙaice ita ce direbobi ne ke zaɓar doka da ƙafarsu ta dama, hukuma kuwa ta rattaba hannu.

Ba wawaye ne suka ƙirƙiro ta ba, kuma ya kamata a saurari hujjarsu. Sun ce akasarin direbobi masu hankali ne, ba sa son mutuwa, suna duban hanya su zaɓi gudun da ya dace da ita ko da allo ko babu. Dokar da ta mayar da mafi yawan jama'a masu laifi ba za ta sami mai girmama ta ba, kuma 'yan sanda ba za su iya kama kowa ba. Gara a ware mutum 15 cikin 100 da suka fi kowa ganganci a fuskance su. Sun kuma ce babban abin tsoro shi ne bambancin gudu tsakanin motoci, wannan yana ja wannan yana tashi, a yi ta ƙoƙarin wuce juna. Wannan hujja ta ƙarshe ta sami ƙarfi daga binciken wani mai suna David Solomon, wanda hukumar hanyoyin tarayya ta buga a 1964. Ya duba bayanan direbobi kusan 10,000 da suka yi haɗari, ya ga cewa waɗanda ke tafiya daidai da sauran motoci, ko sama kaɗan, su ne suka fi tsira, masu jinkiri da yawa da masu gudu da yawa kuwa su ne suka fi shiga haɗari.

Sai dai Solomon manyan hanyoyin karkara ya bincika, da bayanan shekarun 1950, a wuraren da ba a saba ganin yaro ya tsallaka da jakar makaranta ba. Masu bincike na baya sun kuma lura cewa da yawa daga cikin motocin nan masu jinkiri ba tafiya suke yi a hankali ba, suna shirin kwana ne ko shigowa daga wata 'yar hanya, wato mararraba ce ta jawo haɗarin, ba jinkirin ba. A 2020 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Brian Taylor da Yu Hong Hwang, sun bi diddigin ƙa'idar, suka tarar ta girmi binciken Solomon da shekaru, kuma waɗanda suka fara kawo ta sun ɗauke ta a matsayin mafari ne kawai, lambar da za a ɗora a gani sannan a gyara idan haɗurra suka nuna akwai matsala. Da tafiya ta yi tafiya, sai mafarin ya zama hukunci.

Babban aibin ƙa'idar ba ya buƙatar dogon lissafi. Na'urar injiniya motoci take ƙirgawa. Tsohuwar da ke tsaye a gefen titi tana jiran a sarara ta tsallaka ba ta cikin ɗarin nan, haka mai keke, haka ɗalibin da ya sauko daga bas. An yi zaɓe a kan rayuwarsu, ba a ba su ƙuri'a ba. Kuma direban da ake yabon hankalinsa, haɗarin da ke kansa yake aunawa, yana zaune cikin ƙarfe da bel da jakar iska. Ba ya jin abin da ƙugun mai tafiya a ƙasa zai ji. A ba shi ikon yanke lambar, kura ce aka ba ajiyar nama, ko da kurar ba ta da mugun nufi.

Aibi na biyu shi ne ƙa'idar hawa take yi, ba ta san sauka ba. Da an ɗaga lamba, direbobin da suka saba ƙara 'yan mil kaɗan a kan abin da allo ya ce za su ƙara a kan sabuwar, awo na gaba kuma ya tarar da su a can. Titin Zelzah, a arewacin Los Anjalis, ya zama misalin da ake yawan kawowa: a 2009 an ɗaga shi daga mil 35 zuwa 40 a awa, a 2018 aka sake ɗaga shi zuwa 45, wato daga kilomita 56 zuwa 72, alhali gidajen da ke gefensa suna nan inda suke.

Mil biyar ko goma ba su da yawa a idon wanda ke riƙe da sitiyari, amma jikin ɗan Adam da wani ma'auni yake aiki. Ƙarfin bugu ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin gudun sau kansa yake bi: motar da ke kilomita 50 a awa tana ɗauke da ƙarfi kusan ninki uku na wadda ke kilomita 30. A ɗauka direba yana buƙatar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin yaro da taka birki, kuma kwalta a bushe take. Mai kilomita 30 zai tsaya cik bayan mita 13 ko makamancin haka. Mai kilomita 50 kuwa, a cikin daƙiƙar nan kaɗai ya cinye kusan mita 14, ke nan a daidai inda na farko ya tsaya, shi ƙafarsa ba ta ma taɓa birki ba. A 2011 Brian Tefft na gidauniyar AAA mai binciken haɗurran hanya ya fitar da alƙaluman da har yanzu ake aiki da su: mai tafiya a ƙasa da mota ta kaɗe a kilomita 37 a awa, yiwuwar mutuwarsa kashi 10 cikin 100 ce, a kilomita 51 ta koma kashi 25, a kilomita 68 ta kai rabi, a kilomita 80 kuwa kashi 75. Wanda ya dubi lambobin Zelzah a gefen waɗannan zai ga abin da aka ƙara wa mazauna titin ba tare da an tambaye su ba.

Hukumomin tarayya sun daɗe kafin su motsa. A 2017 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto cewa daga 2005 zuwa 2014 mutum sama da 112,000 sun mutu a haɗurran da gudu ke ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen hanya, ta kuma nemi a sake duba ƙa'idar kashi 85. Sai a Disamban 2023 aka fitar da sabon bugu na kundin alamomin hanya na tarayya, wanda injiniyoyin ƙasar ke bi sau da ƙafa, aka sassauta umarnin, aka ce a manyan titunan cikin gari kada a dogara da ita ba tare da duban abin da ke kewaye da titin ba.

Amma gyara hanyar lissafi rabin magana ne. Sauran rabin ita ce tambayar da ta fi tsufa: alƙalamin a hannun wa yake? A tsarin Amurka birni ba shi da wani iko sai wanda jiha ta ba shi. Magajin gari ne ake bugo wa waya idan an kaɗe yaro, ɗan majalisar unguwa ne ke zuwa gaisuwar mutuwa, amma a jihohi da dama mafi ƙarancin gudun da birni zai iya rubutawa a allonsa yana cikin dokar da aka yi a babban birnin jiha, inda wakilan karkara da na bayan gari, waɗanda masu zaɓensu ke shiga birnin da mota su fita, suke da ƙuri'a.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Niyok. Birni ne mai mutum sama da miliyan takwas, da kasafin kuɗin da ya fi na ƙasashe da yawa, amma a 2014, da ya so rage gudun titunansa daga mil 30 zuwa 25, sai da ya je Albani, mazaunin gwamnatin jiha, ya roƙa. Aka ba shi, sabuwar lambar ta fara aiki ranar 7 ga Nuwamban shekarar, amma aka ja masa layi cewa nan ne iyaka. Kafin wannan, a watan Oktoban 2013, wata mota ta kaɗe wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Sammy a titin Prospect Park West da ke Buruklin, kusa da gidansu, ya rasu. Mahaifiyarsa ta haɗu da wasu iyayen da suka yi irin wannan rashi suka kafa ƙungiya, suka shiga zirga-zirgar Albani shekara bayan shekara. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: ba su ce jiha ta rage gudu ba, cewa suka yi ta bar birnin ya yanke da kansa. A Yunin 2023 majalisar dattawan jihar ta amince, ta wakilai kuwa ta ƙi kawo ƙudurin gaban zaure, har mahaifiyar ta yi yajin cin abinci na kusan kwana huɗu a ginin majalisar, aka tashi hutu ba a kaɗa ƙuri'a ba. Sai a Afrilun 2024 aka cusa shi cikin dokar kasafin kuɗi ya wuce, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu, ana kiransa Dokar Sammy. A Oktoban 2024 aka kafa allon farko mai lamba 20, wato kilomita 32, a titin da yaron ya rasu, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa.

Ko a nan ba a sakar wa birnin mara gaba ɗaya ba. Sai hukumar sufuri ta ba majalisar unguwa sanarwar kwana 60 kafin ta taɓa wani titi, wanda wannan ba laifi ba ne. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne an cire duk titin da ke wajen Manhatan mai layi uku ko fiye a hannu ɗaya, alhali irin waɗannan faffaɗan titunan ne aka fi mutuwa a kansu. An ba da maganin, an hana shi ga wanda ciwonsa ya fi tsanani.

Masu son jiha ta riƙe alƙalamin ma suna da abin faɗa, kuma ba ƙarya ba ne. Dokar Kalifoniya an yi ta ne domin hana ƙananan garuruwa ɗana wa baƙi tarko: a sauke lamba ba zato a bayan kwana, a ajiye ɗan sanda a gindin bishiya, a cika asusun gari da kuɗin tara. Wannan ɗabi'a tana nan da ranta. A 2015 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta binciki garin Ferguson a jihar Mizuri, ta tarar an mayar da 'yan sanda da kotun gari hanyar tara kuɗi, kuma baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen da ya san ba don lafiyarsa aka kafa ba zai fahimci wannan tsoro. Sai dai maganin haɗamar hukuma shi ne a sa ido a kan inda kuɗin tara ke zuwa, a ƙayyade kason da gari zai iya ci daga ciki, kamar yadda Mizuri ɗin ta yi. Hana birni kare mutanensa domin kada ya cuci direbobi, tsadarsa a kan masu tafiya a ƙasa take faɗawa, kuma ba su ne suka ɗana tarkon ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai karatu a Nijeriya ya san wannan ƙulli ta wata fuskar. Ƙa'idar hanya ta ƙasa ta sa kilomita 50 a awa a cikin gari, lamba ɗaya ga kowane gari, wadda a ma'aunin Tefft ke kashe kusan mutum ɗaya cikin huɗu da aka kaɗe. Kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina titunan unguwa da kula da su, amma hanyar da ta ratsa tsakiyar kasuwar gari sau da yawa ta tarayya ce ko ta jiha, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ta cewa a kanta. Shi ya sa idan mota ta kashe yaro, washegari matasan unguwa kan fito da siminti da duwatsu su yi tudun rage gudu da hannunsu, wani ya yi tsayin da zai kankare cikin mota. Direbobi su yi ta tsinuwa, kuma suna da gaskiya cewa aikin ba bisa ƙa'ida aka yi shi ba. Amma mutanen da ba su da ofishin da za su kai ƙara a saurare su, siminti ne takardar kokensu.

Saura tambayar da masu shakka suka fi so: idan direba faɗin titi yake bi ba allo ba, canza lamba kaɗai yana da wani amfani? Yana da shi, amma ba kamar yadda masu murna ke zato ba. Birnin Boston ya sauko daga mil 30 zuwa 25 a Janairun 2017, bayan jihar ta ba garuruwa wannan dama. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta auna kafin canjin da bayansa. Matsakaicin gudu bai motsa ba, abin da zai faranta wa tsofaffin injiniyoyi rai. Amma yiwuwar a ga mota ta wuce mil 35 ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100. Wato allon bai taɓa direban tsakiya ba, na can sama ya janyo, kuma na can sama ne ke kisa. Riba ce ta gaske a kan kuɗin fenti da ƙarfe, sai dai tana da iyaka. Titin da aka shimfiɗa shi miƙaƙƙe, mai faɗi kamar filin saukar jirgi, yana gaya wa direba ya taka, kuma muryarsa ta fi ta allo ƙarfi.

Los Anjalis ta koyi wannan da kanta. A Oktoban 2021 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da 'yar majalisa Laura Friedman ta kawo, wadda ta ba birane damar duban masu tafiya a ƙasa da wuraren kasuwanci, da kuma komawa tsohuwar lamba idan awo ne kawai ya ɗaga ta ba wani gyara da aka yi wa titin ba. A farkon 2022 birnin ya sauke mil biyar a kan tituna masu tsawon mil 177, akasarinsu waɗanda aka tilasta masa ɗagawa a baya. Allunan suka canza, titunan suna nan yadda suke. A 2023 mutum sama da 330 suka mutu a haɗurran hanya a birnin, fiye da waɗanda aka yi wa kisan kai a shekarar. A watan Maris na 2024 aka kai maganar gaban masu zaɓe, kusan kashi biyu cikin uku suka amince da wata doka da ta wajabta wa birnin cewa duk lokacin da zai sake zuba kwalta a wani titi, sai ya haɗa da layin bas da na keke da gyaran hanyar masu tafiya a ƙasa da ke cikin tsarin da majalisarsa ta amince da shi tun 2015.